Durƙuso a Zangon Farko

Wasan da zan ba da labarinsa bai daɗe a Haɗejiya ba, kuma ban ji wani gari a lardinmu da ya taɓa yin sa ba. Wani tsohon soja ne ya zo mana da shi bayan yaƙin Bama. A can ƙasar Hindu, inda aka ajiye su kafin a tura su daji, barikinsu na kusa da na sojan Amurka, ya ga suna bugawa, ya shiga. Da aka sallame su, wasu sun dawo da agogo, wasu da keken ɗinki. Shi kuwa ya dawo da kulake, da ƙwallo mai taurin goriba, da safar hannu ta fata, da wani ɗan littafin dokoki na Turanci wanda gara ta riga mu karanta bangonsa. Aka ɗauke shi koyar da motsa jiki a makarantar elemantare inda nake koyarwa. Saje muke ce masa. Shi yana kiran wasan besbol, mutanen gari suka ce wasan kulki, kuma nasu sunan ne ya zauna.

Ga yadda wasan yake. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buga da kulki ya sheƙa da gudu. Akwai wurare uku da zai tsaya kafin ya kewayo gida, muka sa musu suna zango: na farko, na biyu, na uku. Kowane zango buhu ne da aka cika da ɓuntun shinkafa. In masu tsaron fili suka cafe ƙwallon tun tana sama, ko suka kai ta zangon farko kafin mai bugu ya isa, ko suka taɓa shi da ita a hanya, to ya fita. Yaran makaranta cewa suke ya mutu. Da manya suka shiga wasan sai aka ga kalmar ba ta dace da mai furfura ba.

Manyan kuwa ɓangare biyu ne, malaman makaranta da ma'aikatan En'e, kuma ran Asabar bayan la'asar ake karawa. Filinmu fadama ce a bayan ganuwa, ta wajen kogi. Da damina kifi ne ke wasa a cikinta. Sai ruwa ya janye bayan kaka, shanu sun bi ta sun sassaƙa sawunsu a laka, lakar ta bushe ta yi tauri, sannan mu samu.

Saje ya gwada ni a kowane wuri a filin, ya gano inda na fi rashin ɓarna shi ne gindin tsamiya. Nan ya zaunar da ni da fensir, ya ce ni ne magatakarda. Shi ne alƙali: shi ke cewa wane ya isa, wane ya fita, kuma maganarsa ba ta da ɗaukaka ƙara. Aikina ya zo bayan nasa. In mutum ya isa zangon farko, ni zan ce me ya kai shi. In ƙarfin hannunsa ne, in rubuta masa bugu, wato abin yabo nasa. In mai tsaro ne ya yi sakaci da abin da bai fi ƙarfinsa ba, in rubuta wa mai tsaron kuskure, shi kuwa mai gudu yana nan a zangonsa amma ba shi da komai a takarda. Wannan bambanci bai ƙara wa kowa maki ba, bai rage ba. Duk da haka ban taɓa ganin an yi fushi da Saje kamar yadda aka yi fushi da ni ba. Mutum yakan haƙura da an ci shi. Abin da ba ya haƙura da shi shi ne a ce sa'a ce ta kai shi inda ya kai.

Littafin ya yi ƙoƙari, amma wanda ya rubuta shi bai san fadama ba. Ma'auninsa shi ne ƙoƙarin da aka saba: in mai tsaro na yau da kullum zai iya kamawa, wannan kuma bai kama ba, kuskure ne. To ƙwallo ta taho a ƙasa salin-alin, ta faɗa sawun saniya, ta tashi ta bi ta kan kafaɗar mutum. Wannan na rubuta shi bugu, don ba a ɗora wa mutum laifin saniya. Akwai kuma ran da ƙwallo ta yi sama tsakanin hedimasta da malamin Arabiyya, kowa ya ja da baya yana cewa ɗan'uwansa bismilla, ta faɗo tsakaninsu. Na duba na ga ba wanda ya taɓa ta, kuma littafin ba ya hukunta abin da ke cikin kan mutum, sai abin da hannunsa ya yi. Shi ma na rubuta bugu. Akawun kotu ne ya ci wannan gajiyar, har ya tsufa yana ba da labarinta ba tare da ambaton bismillar ba.

A ɓangaren En'e akwai Malamin Daji, wanda aikinsa hana mutane sare giginya ba izini. Dattijo ne kakkaura, mai fara'a, yakan naɗe rigarsa a kafaɗa ya riƙe kulki kamar zai kayar da itacen da ya hana wasu. In ya kai duka, iskar kulkin har gindin tsamiya nake jin ta. Ƙwallon ce dai ba ta cika jin komai ba. Ya sha isa zangon farko, amma ko dai mai jifa ya yi ta bauɗewa har aka ba shi hanya kyauta, ko wani ya saki abin da ke hannunsa. Tun da aka fara wasan ban rubuta masa bugu ko ɗaya ba. In an tashi sai ya biyo ta wajena yana share gumi.

"Malam, yau me ka rubuta mini?"

"Kuskuren mai tsaron zango na biyu, Allah gafarta malam."

"To, Allah ya ƙara masa."

Ba ya gardama. Amma a farkon ranin da nake magana ya faɗa a gaban kowa cewa zai ajiye aiki kafin ruwa ya sauka, ya koma gonarsa wajen Auyo, kuma ba ya son ya bar filin nan ba a rubuta masa bugu guda ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni da nake ganin fuskarsa duk Asabar na san ba wasa yake ba.

Mai tsaron zangon farko a ɓangarenmu malamin lissafi ne, saurayi dogo, Bafillacen cikin gari, mai hannu kamar an yi shi don aikin. A shekarun baya ya fitar da Malamin Daji sau ba iyaka, ba wanda ya ce uffan. Amma bayan kakar nan aka ɗaura masa aure da 'yar Malamin Daji. Dukanmu mun je ɗaurin auren, mun ci goro, kuma ba wanda ya tuna da zangon farko.

Ranar da abin ya faru, dattijon ya kai duka ya samu. Ƙwallon ta gangara a ƙasa ta nufi malamin lissafi kai tsaye. Ya ɗan matso gaba ya sunkuya ya ɗauke ta tsaf. Abin da ya rage masa ɗaya ne cikin biyu: ya taɓa mai gudu da ita, ko ya riga shi taka buhun, wanda ke nan kusa da shi. Ya ɗaga kai sai ya ga wanda ke tahowa. Surukinsa ne, riga a kafaɗa, hula ta faɗi, yana haki. In ya taɓa shi, ya kai wa surukinsa hannu. In ya nufi buhun, ya gitta ta gabansa. Sai ya yi abin da zai yi da a lungun unguwa suka haɗu: ya kauce daga hanya, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ƙwallon na hannunsa. Mutanen da ke kusa sun ce har "sannu, Baba" ya ce.

Malamin Daji ya taka buhun. Saje ya buɗe hannuwa ya ce ya isa, don ya isa ɗin. 'Yan En'e suka ɗauki ihu. Sannan kowa ya juyo yana duban gindin tsamiya.

Na ce zan duba littafi. Ban sami inda ya hana magatakarda tunani ba.

Abin takaici, littafin bai yi mini wuya ba. Akwai wurin da ya ce jinkiri kaɗai ba kuskure ba ne, muddin ba a saki ƙwallo ba ko an yi mummunan jifa. Na ji daɗin wannan. Amma a ƙasa kaɗan ya ce in mai tsaro ya riƙe ƙwallo da sauran lokacin da zai fitar da mai gudu, ya kasa taɓa shi ko taɓa zangon farko, a rubuta masa kuskure. Kamar mutumin yana tsaye a fadamarmu ya rubuta. Bai ware suruki ba.

Ran Litinin a ɗakin malamai aka tasa ni gaba. Malamin Arabiyya ne ya fara, yana lissafawa da yatsu.

"Abin da muka karanta uku ne: ganganci, mantuwa, kuskure. Kuskure shi ne ka nufi wani abu ka sami wani, kamar maharbin da ya auna gada ya sami akuyar mutane. Yaron nan ya nufi durƙuso, ya kuma durƙusa. Ina kuskuren?"

"To in rubuta ganganci?" na ce.

"A'uzubillahi. Ladabi za ka rubuta."

"Takardar ba ta da gurbin ladabi."

"Ai na lura," in ji shi.

Hedimasta ya ce shi abin da ya dame shi, da safe muna koya wa yara girmama na gaba, da yamma magatakardanmu na shigar da shi a layin laifi. Ya ce in labarin ya kai kunnen iyaye, ni zan yi musu bayani. Aka tambayi Saje yadda ake yi a can. Ya ce shi bai taɓa ganin an buga da suruki ba.

"Amurkawan ba su da surukai ne, Saje?"

"Suna da su mana. A gida suke barinsu."

Malamin lissafi kuwa ya jira. Sai da aka tashi ya bi ni har bakin rijiyar makaranta. Na ɗauka zai roƙi in cire masa kuskure. Ashe kuskuren bai dame shi ba.

"Yaya, ni ka rubuta mini goma ma. Baba dai ka ba shi bugunsa."

"Ba ya yiwuwa. In akwai kuskure babu bugu. Ɗaya ke korar ɗaya."

"To cire kuskuren. Ai ran da hedimasta da malamin Arabiyya suka yi wa juna bismilla bugu ka rubuta."

"Su ba su taɓa ta ba. Kai tana hannunka."

"Da na sani da na bar ta ta wuce."

"Da ka bar ta ta wuce ta tsakanin ƙafafunka, nan ma kuskure ne."

Ya juya yana kallon guga. Can ya ce, "Wannan wasa ba na masu kunya ba ne." Ban musa masa ba.

Na ga bai kamata dattijon ya ji hukuncin a bakin 'yan kasuwa ba, sai na tafi gidansa da yamma. Na same shi a zaure yana gyaran wata ƙugiya, don in ba ya daji yana bakin ruwa. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka taɓa zancen farashin kifi da yadda ruwa ya janye da wuri a bana. Bai bar ni na kawo maganar ba, shi ya kawo ta.

"Malam, tambaya ɗaya. Da wani ne a zangon, ba yaron nan ba, da na isa?"

"Da ba ka isa ba, Allah gafarta malam."

"Ko kusa?"

"Akwai dai sauran tafiya."

Ya yi dariya har ya ajiye ƙugiyar. Sannan ya ce shi ma ya sani, tun yana gudu ya sani. Ya ce daren Asabar matarsa ta yi masa barka, maƙwabta suka shigo suka yi masa barka, shi kuwa yana amsawa kamar wanda ya sa rigar aro. Abin da bai so ba shi ne a rubuta wa yaron laifi.

"Ba za ka iya rubuta kuskuren a kaina ba? Ni na bi ta inda yake."

"Mai gudu ba ya kuskure a littafin nan. Fita kawai yake yi."

"Littafin nan naka ba shi da tausayi."

"Ba nawa ba ne, na Saje ne."

"To rubuta abin da ya ce. Sauran ka bar mini."

Na rubuta kuskure a gaban sunan malamin lissafi. Labari ya zaga gari cewa malamin makaranta ya ce gaida suruki kuskure ne. Wata gwaggota ta aiko a tambaye ni ko da gaske ne, in kuma da gaske ne, a Kano na koyo ko a ina.

Asabar ɗin da suka biyo baya ba su kawo komai ba. Dattijon ya yi ta kai duka yana samun iska. Hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma-yamma, shamuwa ta dawo, masunta suka ce ruwan sama ya kusa. Muka san wasan da ke tafe shi ne na ƙarshe.

Ran nan, kafin a fara, Malamin Daji ya fito tsakiyar fili. Bai dubi surukinsa ba, don kunyar ba ta gefe ɗaya ba ce, shi ma ba ya kiran sunan yaron. Saje ya kira, da muryar da yake tsawata wa masu sare giginya.

"Saje!"

"Ranka ya daɗe."

"Gaya wa mai tsaron zangon farko, daga yanzu zuwa magariba ba ni da 'ya. In ya sake durƙusa mini a filin nan, shi ne rashin ladabin."

Saje ya ƙame, ya juya, ya maimaita saƙon kalma da kalma ga mutumin da ke tsaye kusa da su yana jin komai. Malamin lissafi ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Sau biyu dattijon ya zo bugu ya koma bai taɓa ƙwallo ba. Zuwansa na ƙarshe rana ta yi ƙasa, malamin asibiti, ɗan ɓangarensu, na tsaye a zango na uku yana jiran wanda zai kai shi gida. Mai jifa ya jefo. Malamin Daji ya ɗaga kulki ya juya da dukan jikinsa. Ƙwallon ta goga ƙasan kulkin ta faɗi, ta yi 'yar gangarawa a gabansa kamar ƙwai ya suɓuce daga faifai. Ya jefar da kulkin ya ruga. Ban taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba. Malamin asibiti ya taho gida a guje. Mai jifa ya rugo ya ɗauki ƙwallon, ya ga gida ya kuɓuce masa, ya wurga zangon farko.

Malamin lissafi ya sa ƙafa a kan buhu, ya miƙa dogon hannun nan, ya kau da fuskarsa wajen kogi. Ƙwallon ta shiga hannunsa da ƙara. Ƙafar dattijon ta sauka bayanta, da ƙyar ido ya raba su.

"Ya fita!" in ji Saje.

Ba wanda ya yi ihu, har 'yan ɓangarenmu. Dattijon ya wuce buhun ya zauna a ƙasa yana mai da numfashi.

A nan wata dabara ta faɗo mini, kuma ta cikin littafin ce, ba tawa ba. Akwai irin bugun da mutum ke yi da niyya: ya tare ƙwallon a hankali da kulki don ta faɗi kusa, a fitar da shi, abokinsa kuma ya ci gaba. Littafin ya ɗauke shi sadaukarwa, ba a lissafa shi cikin faɗuwar mutum. Ba bugu ba ne, amma ya fi fita kyan gani a takarda. Ƙwallon dattijon kuwa ta faɗi daidai inda mai wannan niyya zai so ta faɗi. Sharaɗin kawai niyya, ita kuma ba a ganin ta daga gindin tsamiya. Na tashi na je inda yake zaune, na tsuguna na yi masa bayani.

"Abin da nake tambaya, Allah gafarta malam, da niyya ka taɓa ta a hankali don malamin asibiti ya shigo?"

Ya dube ni, gumi na zuba ta gemunsa.

"Malam, da dukan ƙarfina na buga."

"In ka ce da niyya ne, ba mai musa maka."

"Na sani. Da dukan ƙarfina na buga."

Na koma na rubuta ya fita, daga mai jifa zuwa zangon farko. A gefe na sa masa alamar wanda ya kawo mutum gida, don wannan hakkinsa ne ko da an fitar da shi. Gurbin bugu ya zauna ba komai, kuma haka ya bar filin.

Aka tattara buhuna. Ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Malamin Daji ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya saukar da ita daga kafaɗa, ya karɓi hularsa.

"Saje, gaya wa mai tsaron zangon farko hannunsa ya yi kyau. Ka kuma gaya masa magariba ta yi."

Saje ya juya zai isar da saƙo bai sami kowa ba. Malamin lissafi ya riga ya bi ta bayan gonakin albasa, hanyar da ta fi nisa zuwa ƙofar gari.